A bar iyakar karatun gaba inda take

Akwai shawarar da masu kula da sabar Linux ke yawan bai wa juna: in kwamfuta na jan ƙafa wajen karanta fayil, a buɗe read_ahead_kb a ɗaga lambar, daga 128 zuwa dubu huɗu ko dubu takwas, sauri zai zo. Masu wannan magana ba a iska suka ɗauko ta ba, kuma ina ganin girmansu. Amma kuskure ne a mai da ita doka.

Abin da tsarin ke yi ke nan. In manhaja ta nemi wani yanki na fayil, Linux kan duba ko a jere ake karatun. In ya ga alamar haka, sai ya ɗebo abin da ke gaba ya ajiye a RAM tun ba a nema ba, wato karatun gaba. Da kaɗan yake farawa, yana ƙarawa, har ya kai iyakar da aka sa masa a read_ahead_kb, wadda a al'ada kilobait 128 ce, wato shafi 32 na kilobait huɗu-huɗu. Tsarin da ake kai a yanzu ya samo asali ne daga aikin Wu Fengguang, wanda ya shiga Linux 2.6.23 a 2007.

Gaskiyar masu ba da shawarar tana nan: tsohon faifai mai juyawa yana ɓata kusan milisakan goma kafin allurarsa ta isa wurin da ake so, don haka gara ya kwaso da yawa a zuwa ɗaya. Mai kwafe babban fayil ɗin bidiyo a kan irin wannan faifai zai iya ganin amfanin ɗaga iyakar.

Sai dai karatun gaba hasashe ne, kuma RAM ke biyan kuɗinsa. Mu yi lissafi: sabar da ke aika fayil 500 a lokaci guda, in iyakar tana kilobait 128, abin da kowane zagaye zai ci bai fi megabait 64 ba. A mai da ita megabait takwas, lissafin ya doshi gigabait huɗu. In RAM ba ta da wannan filin, tsarin zai kori wasu shafukan don samar da wuri, har da waɗanda ya ɗebo ba a kai ga karanta su ba. Daga baya ya koma faifai ya sake ɗebo su. An yi aiki biyu, an kuma zubar da bayanan da ake buƙata da gaske.

Abin ya fi muni a rumbun bayanai, inda karatu ke tsalle nan da can. Shi ya sa MongoDB ke ba da shawarar a rage karatun gaba zuwa tsakanin sashe 8 da 32 na bait 512, wato bai wuce kilobait 16 ba. A kan faifan SSD kuwa, babu allurar da za a jira, don haka babbar hujjar ɗaga lambar ta yi rauni.

Abin da ya fi damuna shi ne, read_ahead_kb ta shafi faifan baki ɗaya, alhali kowace manhaja da salon karatunta. Akwai hanya mafi adalci: da posix_fadvise manhaja na iya shaida wa Linux cewa a jere za ta karanta wannan fayil, sai ya ninka mata iyakar, ko ta ce tsalle za ta yi, sai ya daina ɗebo mata gaba. Wanda duk da haka yake son taɓa lambar, ya auna aikinsa kafin canji da bayan canji, a lokacin da sabar ke cike da jama'a.