Suyar kafe a ƙasar Kurfai: a fara da ƙaramin kaya

Itacen kafe ba ya tsirowa a Dallol Boso. Ƙwayarsa daga ƙasashen gaɓar teku take zuwa, kamar Kodibuwar, inda samarin Kurfai ke tafiya bida. A Abijan ne aka buɗe masana'antar Nescafé cikin 1962. To, wanda ya komo Filinge da ɗan jari, yana nufin kama sana'ar suyar kafe, ya yi hattara kada sayen inji ya cinye guminsa.

Kayan farko huɗu ne: gangar ƙarfe mai mariƙi, wadda maƙeri zai ƙera, ana juya ta bisa garwashi, injin niƙa na hannu, rariya, da sikeli. Injin lantarki ya dakata sai ciniki ya kafu.

A soya minti 12 zuwa 15, a baza a faifai ya huce. Wasu kan haɗa da kimba, irin kafe Tuba na Senegal.

Abin lura: kilo 10 na ɗanye kan koma kilo 8 ko 8 da rabi bayan suya. Wanda bai sa wannan cikin lissafi ba, uwar kuɗi zai ci yana zaton riba ce.