Talata Mafara, Bakura da Maradun: Da Wane Ma'auni Ake Zaɓen Shugaban Ƙasa?

Da wuya a samu ƙananan hukumomi uku maƙwabtan juna a Arewa da suka tara manyan 'yan siyasa kamar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Tun daga 1999 gwamnoni biyar aka yi a Jihar Zamfara, uku daga cikinsu kuwa daga nan suka fito. Bakura ta ba da Ahmad Sani Yariman Bakura, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007. Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari, daga 2011 zuwa 2019. Maradun kuma ta ba da Bello Muhammad Matawalle, daga 2019 zuwa 2023.

Saboda haka idan kakar zaɓe ta kama a wannan yanki, ba a cika fara tambaya da wanda ya cancanci shugabancin ƙasa ba. Abin da aka fi tambaya a majalisun dare, da rumfunan kasuwa, da ofisoshin sakatariya shi ne ina maigida ya fuskanta. Wannan ɗabi'a tana da dalilinta, domin maigidan shi ake gani a wurin suna da jana'iza, shi ake zuwa wurinsa neman aiki ko kuɗin magani. Sai dai kujerar shugaban ƙasa tana da ikon da ya wuce na kowane maigida, kuma hukuncinta kan isa aljihun ɗan kasuwa da albashin ma'aikaci kai tsaye, ba tare da ya biyo ta gidan kowa ba.

Al'adar bin jagora da ranar da ta karye

A zaɓen 1999 Zamfara na cikin jihohin Arewa ƙalilan da Olu Falae ya kayar da Olusegun Obasanjo. Mataimakin takararsa, Umaru Shinkafi, ɗan jihar ne, kuma jam'iyyar APP ce ta riga ta kafa kanta a nan. Daga baya jihar ta zama ɗaya daga cikin wuraren da Muhammadu Buhari ya fi samun goyon baya, inda ya lashe ta da gagarumin rinjaye a 2015 da 2019.

Zaɓen 2023 ya zo da wani darasi dabam. Ranar 25 ga Fabrairu, Bola Tinubu na APC ya samu ƙuri'u 298,396 a Zamfara, Atiku Abubakar na PDP ya samu 193,978. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, masu zaɓen jihar suka ba Dauda Lawal na PDP ƙuri'u 377,726, Gwamna Matawalle na APC mai ci a lokacin ya samu 311,976. Wato jiha ɗaya ta zaɓi shugaban ƙasa daga jam'iyya ɗaya, ta zaɓi gwamna daga wata, a cikin wata guda.

Waɗannan alƙaluma sun nuna abu biyu. Na farko, mutanen Zamfara sun iya rarrabe kujera da kujera idan sun so. Na biyu, waɗanda suka fito zaɓen gwamna sun fi waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa da mutum kusan dubu 190. Cikin mutum kusan miliyan 1.9 da suka yi rajista a jihar, ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa ba su wuce rabin miliyan da kaɗan ba. Ƙarancin takardun kuɗi da matsalar tsaro sun taka rawa a wannan, amma akwai kuma tunanin cewa Abuja ta yi nisa, gwamna shi ne na kusa. Rayuwar yau da kullum a garuruwan nan uku ba ta gaskata wannan tunani ba.

Abin da ke hannun shugaban ƙasa

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya ita kaɗai wasu harkoki. Daga ciki akwai sojoji da 'yan sanda, da buga kuɗi, da kwastan da kan iyakoki, da ma'adinai da man fetur, da hanyoyin sadarwa, da tsayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Shugaban ƙasa ne ke naɗa hafsoshin tsaro da Sufeto Janar na 'yan sanda da Gwamnan Babban Banki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa wannan yanki a 'yan shekarun nan.

A ɗauki kuɗi. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Mai sayen hatsi a kasuwar Talata ta Mafara ya rasa abin da zai biya manomin ƙauye wanda bai da asusun banki, masu POS kuma suka koma sayar da Naira da Naira. Gwamnatin Zamfara, tare da ta Kaduna da ta Kogi, ita ce ta kai Gwamnatin Tarayya gaban Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Gwamnan jihar da shugaban ƙasa 'yan jam'iyya ɗaya ne a lokacin, amma hakan bai hana wahalar isowa ba.

A ɗauki man fetur. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafi, cikin kwanaki farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ya haura 1,000. Direban da ke jigila tsakanin Gusau da Mafara da Sakkwato ya ƙara kuɗin mota, mai noman rani da ke ban ruwa da inji ya ga kuɗin mai na neman cinye ribarsa, malamin makaranta da ke zuwa aiki a babur ya ga albashinsa ya ƙare kafin tsakiyar wata. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma tsadar kaya ta riga ta yi gaba.

Abin lura a nan shi ne manyan 'yan takara uku na 2023, wato Tinubu da Atiku da Peter Obi, duk sun faɗa a fili cewa za su janye tallafin. Mai zaɓen da ya bi diddigin maganganunsu ya san abin yana tafe ko wane ne ya ci. Tambayar da ta kamata a tsananta a kanta ita ce ta yaya, a wane lokaci, kuma wane tanadi aka yi wa talaka kafin a janye. Ita ce kuwa ba a cika yi ba.

Tsaro, ma'adinai da Bakalori

Babu abin da ya fi ci wa mutanen yankin tuwo a ƙwarya kamar 'yan bindiga. A 2021 kaɗai kowace daga cikin ƙananan hukumomin uku ta ga satar ɗalibai. A Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe a Talata Mafara. A Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona da Kiwo ta Bakura. A farkon Satumba aka sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya da ke Maradun. Bayan haka aka rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya a faɗin jihar na makonni.

Ana kiran gwamna babban jami'in tsaro na jiha, amma ba shi da ikon tura bataliyar soja ko sauya kwamishinan 'yan sanda. Iyakar abin da zai iya shi ne tallafa musu da kayan aiki, ko kafa rundunar sa-kai irin Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024. Wanda ke son a kawo ƙarshen matsalar, to ƙuri'arsa ta shugaban ƙasa ita ce ta fi kusa da ita. Haka batun zinare: Gwamnatin Tarayya ce ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ita ce kuma ta ɗage hanin a Disamban 2024.

Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, ita ce jijiyar arzikin garuruwan nan. Tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wato hukumar tarayya. Tsofaffi ba su manta da 1980 ba, lokacin da manoman da aka karɓe wa gonaki suka yi bore kan batun diyya, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka murƙushe su, aka rasa rayuka. Tun daga lokacin, gyaran magudanan ruwa ko lalacewarsu ya danganta ne da kasafin da ake tsarawa a Abuja.

Farashin shinkafar da ake nomawa a wurin ma haka. Da aka rufe kan iyakoki na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shinkafar gida ta yi daraja, manomi ya ji daɗi, mai saye a gari ya koka. Da aka sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci a Yulin 2024, sai lissafin ya juya. Wannan ya nuna cewa manomin Bakura da ma'aikacin sakatariyar Mafara na iya son abu biyu masu karo da juna, kuma ɗan takarar da ya yi wa dukkansu alkawarin biyan buƙata ba tare da bayanin yadda zai haɗa su ba, bai gama magana ba.

A gefe guda, akwai abubuwan da ba na shugaban ƙasa ba ne kai tsaye: biyan albashi da fanshon ma'aikatan jiha, rabon filaye, makarantun firamare, tsaftar kasuwa da kuɗin rumfa. Waɗannan na gwamna ne da shugaban ƙaramar hukuma. Auna ɗan takarar shugaban ƙasa da su, ko yafe masa tsaro da farashi saboda an gina rijiya a unguwa, sanya kaya ne a ma'aunin da ba nasu ba.

Yadda ƙuri'a ke aiki

Kafin mai zaɓe ya isa rumfa, an riga an tace masa 'yan takara. A 2022 wakilan jam'iyyu ne, mutum 'yan dubbai kawai, suka tsayar da Atiku a Mayu da Tinubu a Yuni, kuma Yariman Bakura na cikin waɗanda suka nemi tikitin APC. Zamfara ta fi kowace jiha sanin muhimmancin wannan mataki. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke nasarar dukkan 'yan takarar APC na gwamna da majalisu a jihar, saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba. Da wannan hukunci Matawalle, wanda ya zo na biyu, ya zama gwamna. Dubban ɗaruruwan ƙuri'u suka tafi a banza saboda rikicin cikin gida.

A takardar ƙuri'a alamar jam'iyya ake gani, ba hoton ɗan takara ba. A yankin da manya ke yawan sauya sheƙa, kamar yadda Matawalle ya koma APC daga PDP a Yunin 2021, wajibi ne mai zaɓe ya tabbatar da alamar wanda yake so kafin ya dangwala. Dangwalen da ya hau kan gida biyu yakan sa ƙuri'a ta lalace.

Akwai kuma masu cewa babu amfanin zaɓen wanda ba zai ci jiharsu ba. Sashe na 134 na Kundin Tsarin Mulki ya rushe wannan zato. Ana haɗa ƙuri'un ƙasar ne gaba ɗaya, kuma wanda zai yi nasara sai ya fi kowa yawansu, sannan ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato jihohi 24. A 2023 Atiku bai ci Zamfara ba, amma ya samu fiye da kashi ɗaya bisa uku na ƙuri'unta, don haka jihar ta shiga lissafinsa kamar yadda ta shiga na Tinubu.

Ma'aunin ɗan kasuwa

Ɗan kasuwar kirki ba ya cinikin biri a sama. Kafin ya ba da bashi yakan binciki yadda mutum ya biya na baya. Manyan masu neman shugabancin Najeriya kusan dukkansu sun taɓa riƙe muƙami, ko gwamna, ko minista, ko mataimakin shugaban ƙasa. Ana iya tambayar ko sun biya albashi a kan lokaci, nawa suka ciyo bashi kuma me suka yi da shi, yaya suka tunkari rikici da ya tashi a zamaninsu. Ana iya duba mataimakin da ɗan takara ya ɗauko, domin rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Mayun 2010 ta nuna cewa mataimaki na iya zama shugaba cikin dare ɗaya.

Ga mutumin wannan yanki, tambayoyin da suka fi nauyi a fili suke: me ɗan takara ya tanada don manomi ya koma gonarsa ba tare da biyan harajin 'yan bindiga ba, wace manufa gare shi kan mai da taki da darajar Naira, ina ya tsaya kan buɗe ko rufe iyaka, kuma daga ina zai samo kuɗin cika alkawarinsa.

Shawarar jagora ko malami abar saurare ce, musamman idan ta zo da hujja. Amma ɗan siyasa yana da lissafinsa na muƙami da kwangila, wanda ba lallai ya zo daidai da na mai shago ko malamin asibiti ba. Kuɗi da taliya da atamfar da ake rabawa daren zaɓe kuwa, ban da kasancewarsu laifi a doka ga mai bayarwa da mai karɓa, ba sa kai mako guda a gida, wa'adin shugaban ƙasa kuma shekara huɗu ne. Yayin da ake tunkarar zaɓen 2027, garuruwan da suka ba Zamfara gwamnoni uku suna da isasshen abin da suka gani da idonsu da za su auna kowane ɗan takara da shi.