Sifirin: Ƙarfen da Ke Lanƙwasa Ya Dawo

 Yau shirin namu ya yada zango a Daudawa ta ƙaramar hukumar Faskari, garin da aka san shi da noman auduga tun zamanin Turawa, lokacin da aka kafa gonar irin auduga a nan.

Mu fara leƙa maƙera. Ku tambayi maƙeri a Daudawa, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa, wane ƙarfe ya fi so ya ƙera gatari ko adda. Zai ce muku ƙarfen sifirin, wato tsohon sifirin na babbar mota. Abin ya daɗe yana burge ni. Ƙarfen da ya yi shekaru yana ɗaukar buhunan masara zuwa Funtuwa, ya gaji, ya karye, amma a hannun maƙeri sai ya koma gatari mai kaifi. Sirrin yana cikin haɗinsa. Akwai sinadarin kabon daidai gwargwado, an gasa shi, an tsoma shi a mai, an sake ɗumama shi. Shi ya sa yake lanƙwasa ya dawo. Ya lanƙwasa, ya dawo. Aikin sifirin ke nan.

A taƙaice, wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya wallafa ƙa'idar sifirin a 1678: gwargwadon nauyi, gwargwadon miƙewa. Da wannan ƙa'ida sikelin rataye ke auna audugar manomi. In sifirin ɗin sikeli ya saki, awo ya tashi daga gaskiya, haƙƙin wani ya salwanta.

To, sifirin iri nawa ne? Akwai na faifai, jere bisa jere, a ƙarƙashin babbar mota da a-kori-kura. Akwai naɗaɗɗe mai matsewa, kamar na shokabzoban babur da na bawul ɗin injin niƙa. Akwai mai jawowa, irin na jakin babur. Akwai kuma mai murɗawa, irin na tarkon ɓera.

Ga abin da nake so ku riƙe. In aka ninka kaurin wayar naɗaɗɗen sifirin sau 2, taurinsa ba sau 2 yake ƙaruwa ba, sau 16 ne. Sau 16, jama'a! Saboda haka bakaniken da ya ce "ai sun yi kama, in dai ya shiga shi ke nan", yana wasa da injin mutane. Kama da wane ba ta wane.

Lokaci na neman ƙure mana, bari mu taɓo ƙarfe a gurguje. Inda zafi da bugu suka yi yawa, kamar bawul ɗin inji, ana son ƙarfe mai haɗin kuromiyam. Inda ruwa da magani ke ratsawa, kamar injin feshi, sai marar tsatsa. Kayan lantarki kuwa, tagulla. Kuma kada a yi wa karyayyen sifirin walda, domin wuta na kashe masa ƙarfi.

Direbobi da masu injuna, don Allah in za ku sayi sabon sifirin, ku tafi kasuwa da tsohon a hannu, a auna tsawo, a auna kauri, a ƙirga naɗi. Ku rage lodin da ya wuce kima, domin rayuka ne a bisa wannan ƙarfe. Allah Ya tsare hanya.