Kowane harafi da akwatinsa: yadda kwamfuta ke cike fom mai gida-gida

Duk wanda ya taɓa buɗe asusu a banki ya san takardar nan mai ƙananan akwatuna a jere, inda ake cewa ka sa harafi ɗaya a kowane akwati, da manyan baƙaƙe. Yanzu ƙungiyoyinmu ma suna buƙatar irin wannan fom: 'yan kara, 'yan gwari na Mile 12, direbobin tirela, makarantun Islamiyya na Agege ko Sabo ta Ibadan. Sai ka ga sunayen mambobi ɗari uku suna nan cikin kwamfutar sakatare, amma in an zo cike fom, a zauna da biro ana kwafa ɗaya bayan ɗaya har dare. A wurin kwafar nan ake yin ɓarna. Alhali kwamfutar da ke riƙe da sunayen za ta iya raba su cikin akwatuna da kanta, in an nuna mata hanya.

Me ya sa ake yin akwatunan?

Ba ado ba ne. Rubutun hannu kowa da irin nasa, bakwai ɗin wani kamar ɗaya take, sifirin wani kamar shida. Akwati yana raba haruffa don kada su hau juna, wanda zai shigar da su kwamfuta ya karanta ba da canki-canka ba. Sannan akwatunan ƙirge suke. Lambar NIN da hukumar NIMC ke bayarwa guda 11 ce. BVN da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014 ita ma 11. Lambar waya 11, lambar asusun banki 10. In ka gama rubutu ka ga akwati ɗaya ya rage, ka san ka tsallake wani abu tun kafin takarda ta bar hannunka. Tun da aka ba da umarnin haɗa layin waya da NIN a Disambar 2020, kowa ya ga yadda lamba ɗaya ko harafi ɗaya ke hana mutum sakat.

Ajiya daban, bugawa daban

Ga ka'idar da za ka riƙe. A cikin rumbun bayanai, wato jadawalin da ka zuba sunaye da lambobi, kada ka yanka komai. Suna ya zauna a gurbi ɗaya cikakke, lambar asusu a gurbi ɗaya cikakkiya. Wasu sukan buɗe gurbi goma don lambar asusu, kowace lamba da nata, ran da aka ce a nemo mutum da lambar asusunsa sai ido ya raina fata. Yankawa sai a wurin rahoto, wato shafin da za a buga a takarda. A nan ne kowane harafi zai samu akwatinsa, kamar yadda kowace saniya ke da turkenta.

Abin da ke yin yankan wani ɗan umarni ne mai suna Mid. Abu uku yake tambayar ka: daga wane rubutu zan ɗauko, daga harafi na nawa zan fara, guda nawa zan ɗauko. Shi ke nan aikinsa.

In da Microsoft Access kake aiki

Mu ce gurbin lambar asusu ka sa masa suna Asusu. Buɗe rahotonka ta Design View, wato inda ake tsara fasalin shafi. Ɗauko akwatin rubutu ɗaya ka ajiye, ka goge ɗan lakabin da ke biyo shi. Faɗi da tsayi ka sa santimita 0.6, ka ba shi layin gefe, rubutu ya tsaya a tsakiya. A layin da aka rubuta Control Source sai ka sa:

=Mid([Asusu],1,1)

Ma'ana, je gurbin Asusu, fara daga na farko, ɗauko guda ɗaya. Kwafi akwatin ka liƙa a gefensa. Na biyu zai zama =Mid([Asusu],2,1), na uku =Mid([Asusu],3,1), haka har na goma. Lambar tsakiya kaɗai ke canjawa. Wahalar sau ɗaya ce. Da ka gama, ko mutum dubu ne a rumbun, kowa zai fito da nasa a jere.

Suna kuma da manyan baƙaƙe ake son sa, don haka ka rubuta =Mid(UCase(Trim([Suna])),1,1). UCase ke mai da haruffa manya, Trim kuma ke share filin banza da ya maƙale a farko ko ƙarshen suna. In suna bai kai yawan akwatunan ba, sauran za su fito fayau, ba matsala. Abu ɗaya dai: kada ka ba akwatin suna iri ɗaya da gurbin da yake ɗaukowa. In akwati sunansa Asusu, gurbi ma Asusu, Access zai rikice ya nuna maka alamar kuskure. Kira su A1, A2, A3.

Ka auna takarda tun da wuri. Faɗin A4 santimita 21 ne. Akwati 30 masu 0.6 za su ci santimita 18, saura ɗaya da rabi a kowane gefe. In ka wuce haka, firinta za ta jefa ragowar a wani shafi.

In Excel kake da shi

Yawancinmu Excel muka fi sabawa da shi, kuma dabarar ɗaya ce. Mu ce lambar waya tana A2. A layin sama, daga B1 zuwa L1, rubuta 1 zuwa 11. A B2 ka sa:

=MID($A2,B$1,1)

Kama kusurwar ka ja zuwa dama har L2, sannan ka ja ƙasa iyakar yawan mutanenka. Alamar dalar nan ita ke riƙe gurbin kada ya zame yayin da kake ja. Matse ginshiƙan su zama murabba'i, ka sa musu layin gefe. Haka yake aiki a Google Sheets da WPS, ko a waya.

Ramukan da ake faɗawa

Na farko, sifirin gaba. In ka bar kwamfuta ta ɗauki lambar waya a matsayin lambar lissafi, za ta jefar da sifirin farko, domin a lissafi ba shi da amfani. Lambar da ta fara da 080 sai ta koma 80, ta zama guda 10, kowace lamba ta matsa akwatin da ba nata ba. Lambobin asusu da yawa ma da sifiri suke farawa. Maganinsa, duk lambar da ba za ka tara ko ka ɗebe ba, ajiye ta a matsayin rubutu: Short Text a Access, Text a Excel. Kuma kafin ka fara shigarwa za ka saita, don sifirin da ya riga ya tafi ba ya dawowa da kansa.

Na biyu, sunayenmu na Hausa. Kwamfuta ba ta san cewa "ts" ko "sh" sauti ɗaya ba ne, kowanne akwati biyu zai ci. Tsoho akwati biyar ne. Ɗan waƙafin sama na Sa'idu ko Mu'azu shi ma akwati guda yake ci, Sa'idu ya zama shida. Filin da ke tsakanin suna biyu ma akwati ne: Muhammad Sani 13 ke nan. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, Mid yana ƙirga kowanne a matsayin ɗaya, sai dai in samfurin rubutun da ka zaɓa ba shi da su, wani ɗan murabba'i zai fito a madadinsu. In fom ɗin na cikin gida ne, rubuta Ɗanjuma da lanƙwasarsa. In kuwa banki ko ofishin gwamnati za shi, bi yadda sunan yake a takardar NIN ɗin mutum harafi da harafi. Wanda aka rubuta wa Mohammed kada ka gyara masa zuwa Muhammad don kana ganin ya fi daidai, wahala za ka ja masa.

Na uku, suna mai tsawo. In akwatuna 20 ne suna kuma harafi 23, Mid zai yanke ukun ƙarshe shiru, ba gargaɗi. Kafin bugawa ka sa umarnin Len ya ƙirga maka tsawon kowane suna, ka ware waɗanda suka zarce.

Na huɗu, ranar haihuwa. Ka daidaita ta tukuna: =Mid(Format([Haihuwa],"ddmmyyyy"),1,1), akwati takwas. Ta haka 5 ga Maris za ta fito 0503, rana a gaba wata a baya kamar yadda muke rubutawa a Najeriya, ba tsarin Amurka da ke fara sa wata ba.

Na biyar, kuɗi, kuma a nan ne asara take. Kuɗi daga dama ake jera shi. Ka ce rasit ɗin ƙungiya yana da akwati takwas, mutum ya biya 450000. In ka fara daga hagu, akwati biyu za su rage a dama, mai mugun nufi ya ƙara sifiri biyu da biro, dubu 450 ta koma miliyan 45. Toshe ƙofar da wannan:

=Mid(Right(String(8,"*") & [Kudi],8),1,1)

Taurari za su cike akwatunan hagu, kuɗin ya manne a dama, ba inda za a cusa komai.

In kan fom ɗin da wata hukuma ta riga ta buga kake so ka ɗora rubutu, fara tambaya ko suna karɓa, domin wasu sai an cike da hannu. In sun yarda, cire layin gefen akwatunanka, ka gwada a farar takarda, ka ɗora ta kan fom ɗin ka ɗaga wa haske ka ga ko sun hau daidai.

Amana

Rumbun da ke ɗauke da NIN da lambobin asusun jama'a dukiya ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan. Sa masa kalmar sirri. In a shagon kwamfuta aka buga maka, tsaya a goge fayil ɗin a gabanka, takardun da suka lalace ka tafi da su ka ƙona, kada gobe a ƙunsa ƙosai da lambar asusun wani. Abin da ba ka buƙata kada ka karɓa. Lambar sirrin katin ATM kuwa ba ta da akwati a kowane fom na duniya. Duk wanda ya tambaye ta, ɓarawo ne.

Kafin ka buga ɗari uku, buga guda biyar, ka kira masu su kowa ya duba nasa da takardar NIN a hannu. Allah ya ba da sa'a, ya tsare mana dukiya da mutunci a inda muke neman halaliyarmu.