Wasiƙar Imel: Rubutu Zalla Ko Mai Ado?

Duk ɗan kasuwar da ke odar kaya daga Kwatano ko Dubai ya san wasiƙar imel iri biyu ce. Akwai rubutu zalla, haruffa kawai. Akwai kuma mai ado da ake kira HTML, mai launuka da tambarin kamfani da wurin latsawa. Da zalla aka fara tun 1971. Sai a 1992 tsarin MIME ya ba da damar liƙa hotuna da takardu.

Mu dai mun fi karkata ga zalla. A Jibiya ko Ɗan Isa, inda waya ke tsalle tsakanin layin Najeriya da na Nijar, wasiƙa mai hotuna tana cin kuɗi, wani lokaci ma ta ƙi buɗewa. Amma babban abin tsoron shi ne damfara. A wasiƙa mai ado ana iya rubuta sunan bankinka a fili, a ɓoye adireshin wani wuri a ƙarƙashi. Kana latsawa sai ka miƙa lambar sirrinka ga ɓarawo. A rubutu zalla kuwa, adireshin da ka gani nan za ka.

Sai dai zalla ba laya ba ce. Idan wasiƙa ta ce abokin cinikinka ya sauya lambar asusu, kira shi ta lambar wayar da ka sani kafin ka tura ko sisi. Sannan a riƙa rubuta "naira" ko "sefa" da haruffa, domin wasu na'urori ba sa nuna alamar ₦.