Yaro mai naƙasar fahimta: abin da likitoci suka gano da abin da Shari'a ta ɗora mana

Duk wanda ya saba bin titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi da safe ya san cincirindon iyaye mata da ke shiga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. A cikinsu akwai masu goye da yaron da ya kai shekara uku bai fara magana ba, ko ya kai bakwai bai iya sanya riga da kansa ba. Da yawa sai sun gama zagaya masu magani, sun ji an ce ɗan ruwa ne ko shafar aljanu, kafin su iso gaban likita. Wannan jinkiri yana cinye lokacin da ya fi kowane tsada a rayuwar yaron.

Likitoci na kiran lalurar naƙasar fahimta idan abubuwa uku suka haɗu: ƙarancin basirar koyo da warware matsala, wahalar gudanar da hidimar yau da kullum kamar tsafta da lissafin kuɗi, da kuma bayyanar alamun tun a ƙuruciya. Ana ƙiyasta cewa tana shafar kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya. Ta bambanta da taɓin hankali, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Dalilanta iri-iri ne. Akwai na halitta, kamar lalurar da likitan Ingila John Langdon Down ya bayyana a 1866, wadda mutanenmu kan sanya cikin abin da suke kira galahanga. A 1959 masu bincike a Faransa suka gano cewa ƙarin kwafi ɗaya na ƙunshin gado na 21 a ƙwayoyin halittar jiki ne ke haddasa ta. Babu laifin uwa a ciki, babu na uba.

Amma kaso mai yawa na abin da muke gani a Arewa ana iya kauce masa. Doguwar naƙuda kan hana ƙwaƙwalwar jariri iska. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai kan bar tabo. Ƙarancin sinadarin aidin a jikin mai ciki na tauye ƙwaƙwalwar ɗan tayi, shi ya sa aka wajabta sanya shi a gishirin da ake sayarwa a Najeriya. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010, ta bar wasu da lahani a ƙwaƙwalwa.

Sai kuma shawarar jarirai, wadda muke rainawa. Idan ta yi tsanani a makon farko takan lalata ƙwaƙwalwa, ta taɓa ji da motsi da koyo. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda likitocin Kano da Zariya da Jos suka shiga, ya nuna cewa jariran matan da aka koya wa gane shawara sun fi tsira daga wannan lahani nesa ba kusa ba, domin ana kai su asibiti da wuri. Darasin mai sauƙi ne: a duba idon jariri da dasashinsa a hasken rana, a nisanta kafur daga kayansa, idan an ga rawaya a tafi asibiti ran nan, ko da ba a yi suna ba.

Mun san dalilin da ya sa Kanawa ke ɗari-ɗari da kalmar bincike. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar ciwo, har aka kai ga sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Abin da ya kamata mu ɗauka daga ciki shi ne sanin haƙƙinmu: kafin a sanya yaro a kowane bincike, dole a yi wa waliyyinsa bayani da harshen da yake ji, a nemi yardarsa, kuma yana da ikon janyewa ba tare da an hana yaron magani ba.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan bawa. Sun kira shi ma'atuhi, sun bambanta shi da mahaukaci, sun kuma yi ittifaƙi cewa hankali ne sharaɗin taklifi. Saboda haka ba a dukansa don ya kasa haddace karatun allo. Rabonsa na gado cikakke ne, waliyyi ne ke tsare masa shi. Aya ta biyar ta Suratun Nisa'i ta umarci a ciyar da masu raunin tasarrufi daga dukiyar, a tufatar da su, a yi musu kyakkyawar magana. Wanda ya kira shi dolo, ko ya kulle shi a ɗaki don kada baƙi su gani, ko ya tura shi bara, ya ci amanar da aka ba shi.

Addu'a da neman magani tafiya ɗaya suke yi. Yaron da aka fara koya wa magana da motsa jiki da wuri, aka riƙa maimaita masa alwala da gaisuwa cikin haƙuri, yakan kai inda ba a zata ba. Ya kamata limamanmu su faɗi haka a huɗuba, Islamiyyunmu kuma su ba shi gurbi a sahun gaba.

Allah Ya ba iyayen da aka jarrabta lada da juriya, Ya sa mu sauke haƙƙin raunanan cikinmu.