Taliyar Masu Haƙar Kuza

Can gabas mai nisa, bayan an wuce ƙasar Indiya, akwai wata ƙasa da ake kira Tailan. A da sunanta Siyam, sai a shekarar 1939 aka sake mata suna. Kudancin ƙasar nan dogo ne siriri, ya miƙa cikin teku kamar hancin giwa. A yamma da wannan hanci akwai wani tsibiri wai shi Fuket, wanda ya fi dukan tsibiran ƙasar girma. Daga Bankok, babban birni, zuwa Fuket ya fi mil 500. A da sai da jirgin ruwa ake shiga tsibirin, amma a 1967 aka gina gada, mota ta samu hanya.

Baƙon da ya sauka a tsohon garin Fuket da tsakar rana, abin da zai fara tarbarsa shi ne ƙamshin suya da ƙarar cokali a jikin kasko. In ya tambaya me ake soyawa, sai a ce masa Mi Hokkiyen. Mi ita ce taliya. Hokkiyen kuwa sunan wani lardi ne a bakin tekun ƙasar Sin, wanda sauran Sinawa suke kira Fujiyan. To, me ya kawo abincin Sinawa cikin tsibirin Tailan?

Kuza ce ta kawo shi. Ƙasar Fuket tana da kuza ƙwarai, irin wadda ake haƙa a Jos, wadda ake shafa wa gwangwani don kada ya yi tsatsa. A cikin ƙarni na 19 mutanen Hokkiyen suka yi ta kwararowa cikin jiragen ruwa, suna neman aikin haƙa. Yawancinsu talakawa ne, maza ne kuma, sun baro iyalinsu a gida. Aikin mai wuya ne, mutum ya wuni cikin laka yana ɗaukar ƙasa. Mai irin wannan aiki yana bukatar abinci mai riƙe ciki, mai araha, wanda ba ya daɗewa a kan wuta. Taliyar garinsu ta cika waɗannan sharuɗɗa duka. Da yawa daga cikinsu ba su koma ba, suka auri matan tsibirin, suka hayayyafa, taliyar kuma ta zama abincin gari.

Ita wannan taliya da garin alkama ake yinta, ba da shinkafa ba, ko da yake shinkafa ce abincin mutanen Tailan. Tana da kauri, launinta rawaya ne. Wajen kwaɓa ƙullun akan zuba wani ruwa mai kama da ruwan kanwa, shi ne yake ba ta launin nan, ya kuma sa ta yi danƙo, ba ta narkewa a kan wuta.

Kaskon suyar na ƙarfe ne, mai faɗin baki da zurfin tsakiya, kamar ƙwarya. Mai suya yakan hura wuta sosai har kaskon ya soma hayaƙi, sa'an nan ya zuba mai da tafarnuwa. Sai nama, da jatan lande, da wata halittar teku mai laushin jiki da hannuwa goma, da ganye. Bayan haka ya watsa taliyar, ya zuba baƙin ruwan waken soya, wanda yake rina ta ta yi ja-ja wajen baƙi. Daga nan ya ƙara romo kaɗan, ya bar ta ta tsotse. Duk wannan bai fi 'yan mintoci ba, amma hannunsa ba ya tsayawa, don in ya yi sakaci kaɗan ta kama, in kuma wutar ta yi sanyi ta yi lamɓas. Ba a barinta ta bushe ƙayau, akan sauke ta da sauran ɗan romo mai kauri a gindin kwano.

In an kawo wa baƙo, zai ga ƙwai a bisa, wanda bai gama dahuwa ba. Ba kuskuren mai dafuwa ba ne. Akan fasa shi, a gauraya gwaiduwar da taliyar tun da zafinta. A gefe akwai ɗanyar albasa ƙanana, mai so kuma ya ƙara barkono. Da 'yan sanduna biyu ake ci, a riƙe su a hannu guda, cokali a ɗaya hannun. Wanda bai saba ba yakan sha fama, taliyar tana ta zamewa, amma ba wanda zai yi masa dariya in ya nemi cokali mai yatsu.

Akwai abin da ya wajaba Musulmi ya lura da shi. A shagunan Sinawa yawanci da naman alade ake yin wannan taliya, wani lokaci har man suyar na alade ne, saboda haka cire naman kaɗai bai isa ba. Sai dai Fuket tana da Musulmi da yawa, da masallatai, su ma suna soya irin tasu da kaza ko da kayan teku. Matafiyi sai ya nemi shagon da aka rubuta halal a ƙofarsa, ko ya tambaya kafin ya zauna.

A 1985 kuɗin kuza ya faɗi warwas a kasuwannin duniya, ba a daɗe ba aka rufe ma'adinan Fuket. Yanzu da baƙi masu yawon buɗe ido tsibirin yake samun arzikinsa. A 2015 hukumar UNESCO ta sa Fuket cikin biranen da suka shahara wajen girki, jikokin masu haƙar kuzan nan kuwa suna nan a tsohon gari suna soya taliyar kakanninsu.